Bakaniken da Ke Bin Sawun Wari

Direbobi da yawa a Sakkwato sun daina ɗaukar warin fetur a cikin mota a bakin matsala. Ka shiga Golf ta haya mai zuwa Illela, ko tsohuwar Carina mai zuwa Gusau, ka ce kana jin warin mai, amsar ba ta wuce "Malam, sauke gilashi." In ka matsa, direba ya ce ai yanzu ya sha mai. Fasinjoji su toshe hanci da bakin mayafi, mai ciki ta yi ta haɗiyar yawu, a isa inda za a je kowa da ciwon kai, a ɗora wa rana laifi. Masu motocin gida kuwa sun fi yarda da turaren da ake ratayawa a madubi. Har akwai mai kunna turaren tsinke a ciki, wanda da ya san abin da ke kwance a ƙarƙashin kujerarsa da bai ƙyasta ashana ba.

Alhali motar da ke da lafiya ba ta warin mai, ko ta shekara 20 a kan titi. Tun daga bakin tanki har cikin injin hanyar a rufe take. Waɗanda suka ƙera ta sun tanadi inda ruwan man zai bi, sun kuma tanadi inda tururinsa zai bi. Duk ranar da wari ya iso hancin na ciki, to wani wuri ya buɗe. Wurin kan iya zama 'yar tsaga a jikin roba, can saman tanki inda ido ba ya kaiwa, ga shi ko ɗigo ɗaya babu a ƙasa. Kanikawa sun cika gari, kusan kowace inuwar dogon yaro a bakin titi akwai mai sifana, amma masu iya gano wannan tsagar ba su da yawa, kuma a bakin direbobi ake jin labarinsu.

Abin da ya fara burge ni da irin wannan bakanike shi ne ba ya gaggawar buɗe bonet. Yaransa na tsaye da kayan aiki, shi kuwa ya jingina da ƙofa yana yi wa mai mota tambayoyi. "Alhaji, yaushe kaka jin shi? Da sahe, ko in rana ta take? In kac cika tanki ya hi yawa, ko duk ɗai na? Wa yat taɓa motag ga kwanakin ga?" Mai mota kan ƙosa, don a ganinsa ba a fara aiki ba. Nan kuwa kowace amsa da ya bayar tana cire wani sashe na motar daga zargi. Warin da ke tashi bayan an cika tanki, ya lafa in mai ya sauko rabi, daga saman tanki yake ko daga wuyan da ake zuba mai, babu ruwan injin. Wanda ke zuwa da sanyin safiya lokacin hunturu, ya ɓace in injin ya ɗauki zafi, wata roba ce a gaba da sanyi ya ƙanƙance ta, in ta ji ɗumi ta kumbura ta toshe kanta. In kuma warin sai an kunna fanka yake shigowa, ya ragu da an danna maɓallin da ke hana iskar waje shiga, to ƙarƙashin bonet za a nufa, domin kafar da mota ke jan iska tana gindin gilashin gaba, dab da injin. Tambayar ƙarshe, wa ya taɓa motar, ita ta fi kama ɓarawo, kuma ita masu mota suka fi kwana-kwana wajen amsawa.

Abin da ya sa wannan aiki ya fi tsanani a Sakkwato fiye da Jos shi ne rana. Fetur gauraye ne na sinadarai masu yawa, kuma marasa nauyin cikinsu suna fara tafasa tun zafi bai kai digiri 40 ba. Daga Maris zuwa Mayu kuwa zafin inuwa a birnin yakan haura 40, balle kwaltar da ke ƙarƙashin tanki, balle salansar da ta ratsa gefensa. Ke nan da azahar ɗin Afrilu man da ke cikin tanki tururi yake ta fitarwa, tururin na matsa wa kowace roba da kowane haɗi yana neman mafita. Kafar da a garin sanyi za ta daɗe ba a san da ita ba, a nan bazara ɗaya ta isa ta tona kanta. Zafin nan dai shi ya busar da robar tun farko har ta yi tauri ta tsattsage. Tururin fetur ya fi iska nauyi sau 3 zuwa 4, don haka ƙasa yake bi, ya kwanta a wurin ajiye ƙafa, a gurbin safaya, a cikin ramin gareji. In ya kai kashi 1.4 cikin 100 na iskar wuri, tartsatsi ɗaya ya ishe shi. Sa'ar da aka yi, hanci yana jin sa tun yana nesa ƙwarai da wannan ma'auni.

Ga mai mota duk wari ɗaya ne. Gwani yana rarrabewa. Ɗanyen fetur kaifi gare shi, yana sukar hanci. Man da ya shiga injin bai ƙone duka ba ya fito ta salansa yana haɗe da hayaƙi, yana sa ido ƙwalla. Wanda ya daɗe a tankin motar da aka jingine warin tsohon fenti yake yi. Baƙin mai da ke ɗiga kan ƙarfe mai zafi ƙauri yake, warin ruɓaɓɓen ƙwai kuma labarin batir ne ko tukunyar tace hayaƙi. Sai dai hanci yana da aibin saurin sabo. Mintuna kaɗan a cikin wari sai ya daina ji, shi ya sa direban da ke wuni a motar zai rantse maka ba ya jin komai, kuma ba ƙarya yake ba. Gwani ya san haka game da nasa hancin. Za ka ga ya shinshina sau biyu ya ja da baya, ya tafi can gefe ya sha iska, sannan ya dawo. Wani lokaci ya kira yaron da ya dawo daga aike ya ce, "Kai, shiga baya ka gaya min inda ya fi ƙarfi." Yakan sa a rufe motar ruf a bar ta a rana, in ta gasu ya buɗe ƙofa ɗaya, ya durƙusa, ya fara daga ƙasa. Aikinsa irin na mai bin sawun bisar da ta ɓace ne, inda alama ta fi ɗanye can yake bi.

Da abin da ba ya cin kuɗi yake farawa. Duk wanda ya taɓa kwana a layin gidan mai, ko ya saba bin hanyar ƙauye inda sai wurin 'yan bumburutu ake samun lita, ya san jarka ba ta rabuwa da but. Jarkar man gyaɗa ba don fetur aka yi ta ba, murfinta da leda ake taimaka masa, in rana ta buge ta sai ta kumbura ta riƙa saki. Ko an fitar da ita, ɗan abin da ya zube a kafet da soson ƙarƙashinsa ya isa ya riƙe mota makonni. Haka mazurari da guntun tiyon da aka jefa gefen safaya. Daga nan sai murfin tanki, ya kwance ya duba zoben robar bakinsa. Murfi nawa aka manta a gidan mai aka maye gurbinsa da na wata mota, ko da tsumma da leda? Mutum kan zo da fargabar za a sauke masa tanki, ya koma gida da sabon murfi.

In ba nan ba ne, sai kujerar baya. A nan, a ganina, aka fi samun mai laifi a 'yan shekarun nan, kuma dalilin daga aljihu ya taso. Yawancin motocin injekta famfon mansu a cikin tanki yake, nutse cikin fetur, kuma man ne ke sanyaya shi. Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta haura 1,000. Wanda a da yake cika tanki ya koma sayen lita 5, allura kullum tana kan ja. Famfon da ke aiki a tankin da ya kusa bushewa, cikin zafin Sakkwato, ga man da ba kullum yake da tsabta ba, ba ya yin tsawon rai. Sai a canza. A Corolla da Camry, in ka ɗaga kujerar baya za ka ga ɗan faifan ƙarfe. A Golf 3 yana ƙarƙashin kafet ɗin but. Ƙarƙashin faifan nan kan famfo yake, zaune a bakin tanki bisa wani zoben roba, an danne shi da babban murfi mai zare ko da ƙananan notuna. Wato abin da ya raba fasinjan baya da lita 50 na fetur bai wuce wannan roba da wannan faifai ba.

Ga yadda ɓarnar ke faruwa. Tsohuwar robar ta sha mai shekaru, da an cire ta sai ta ƙi komawa gurbinta. Mai sauri ya tura ta da sukudireba, gefe ɗaya ya naɗe bai gani ba, ko ya yanke abin da ya yi yawa, ko ya lafta gam ya rufe. Mota ta tashi, a biya shi, kowa ya yi murna. Da yake mai motar ba ya cika tanki, ana iya daɗewa ba a jin komai sai ɗan wari da tsakar rana. Ran da tafiyar Kano ko Abuja ta kama aka cika tanki, sai man ya taɓo rufin tanki, ya tsattsafo ta gefen robar, ya taru a kwarin kan famfo, yara a baya su fara amai tun ba a kai Talata Mafara ba. Mai motar ba zai taɓa haɗa wannan da famfon da aka canza masa tun kafin azumi ba. Gwani kuwa tun a wurin tambayoyinsa ya haɗa.

Da ya ɗaga faifan, ko bai ga jiƙa ba, ƙura yake dubawa. Ƙurar nan da kowa ke tsine mata ita ce babbar mai taimakonsa. Fetur ba ya barin tabo irin na baƙin mai, yana fitowa yana bushewa, musamman a kan ƙarfe mai zafi. Amma saman tanki da injin mota a garin nan kullum a lulluɓe suke da ƙura, kuma man da ya bi ta kanta sai ya bar shaida. Inda yake naso a hankali, ƙurar kan yi duhu ta dunƙule ta manne. Inda yake fita da ƙarfi, yakan wanke wurin tas, ka ga layi mai tsabta a tsakiyar datti. Shi ya sa yake faɗa in an biya da mota wurin wanki kafin a kawo masa: "Don mi kunka wanke injin? Kun goge man shaida." In an riga an wanke, sai ya share wurin da yake zargi, ya barbaɗa hoda ko garin alli, ya tayar da mota ya jira farin ya yi duhu. Tocila yake riƙewa ko da rana tsaka. Ba ya yarda da ƙwan lantarki mai tsirarar waya, kuma mai sigari sai ya matsa.

Tsofaffin kanikawan garin a kan Fijo suka koyi aiki, 504 ɗin da aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, mai kafireto da famfon da injin ke motsawa. A ma'aunin da mai faci ke auna iskar taya, turin man kafireto bai wuce 4 zuwa 6 ba. Na injekta yana tsakanin 40 da 60, ya fi iskar da ke cikin tayar motar kanta. Don haka in tiyo ya tsage a Fijo ɗiga yake yi, ka gani ka ɗaure. A Camry feshi yake, siriri, wani lokaci sai an haska ake ganinsa, kuma ba abin da zai hana shi sauka kan bututun hayaƙi. Ciwon kafireto sananne ne, datti ya tokare allurar da ke tsayar da mai in kofin ya cika, man ya yi ambaliya. Dattijon da ya taso cikin wannan, ya kuma zauna ya fahimci cewa motar yau ba ta ɗaukar dabarar ɗaure tiyo da waya, shi ne wanda ya kamata a nema.

A motar injekta yana da dabarar da ba ta buƙatar tayar da injin. In aka murɗa makulli zuwa inda fitilun gaban direba ke kamawa, a motoci da yawa famfo kan yi ɗan kuka na daƙiƙa 2 ya cika layi. Sai ya sa yaro ya murɗa ya kashe, ya murɗa ya kashe, shi kuwa kansa na cikin bonet, babu fankar da za ta kore wari, babu zafin da zai busar da shaida. Ya bi tiyo da yatsa har zuwa sandar da nozul-nozul ke jere a jikinta, ya lanƙwasa kowace roba ya ga ko za ta buɗe baki, ya shafa gindin kowace nozul ya kai yatsa hanci. Kowace tana da ƙaramin zoben roba sama da ƙasa, kuma masu wankin nozul da yawa tsofaffin suke mayarwa. A motocin shekarun 1990 akwai wani ɗan ƙoƙon ƙarfe a ƙarshen sandar, mai daidaita ƙarfin mai, da siririn tiyon iska a kansa. Ya zare tiyon. In ya ga mai a ciki, fatar da ke cikin ƙoƙon ta fashe, injin na shan mai ta ɓarauniyar hanya. Gwajin bai kai minti ɗaya ba, amma akwai motocin da aka canza musu fulogi da famfo da nozul saboda ba wanda ya yi shi.

Sai ya shiga rami. Motocin da muke kira Beljiyam ko 'yan Kwatano da yawansu sun yi rayuwarsu ta farko a ƙasashen da ake watsa gishiri a titi don narkar da ƙanƙara. Sakkwato ba ta da damshin da zai ci ƙarfe, amma mota kan iso da tsatsarta tun daga can, a wuyan tanki da bututun mai, musamman ƙarƙashin maƙalan da ke riƙe su, inda ba a gani sai an ɓalle. Gargadar hanya ce ke ƙarasa aikin. Roba kuma, ban da rana, tana da wani magabcin a cikin man kansa. A Fabrairun 2022 kamfanin NNPC ya tabbatar cewa an shigo da fetur mai gauraye da sinadarin metanol daga Antwerp ta ƙasar Beljiyam, kuma metanol na cikin abubuwan da ke lalata robar da ba a yi ta dominsa ba.

Akwai warin da za a duba ko'ina ba a ga jiƙa ba. A nan ake bambance wanda ya fahimci mota da wanda ya haddace ta. Tun farkon shekarun 1970 dokar Amurka ta hana mota sakin tururin tanki cikin iska, wasu ƙasashe suka biyo baya. Sai aka sa wa mota wani baƙin gwangwani cike da gawayi na musamman, kanikawa na ce masa kanista. Tururin tanki ya bi siririn tiyo ya shiga, gawayin ya riƙe shi. In injin ya yi zafi ana tafiya, wani ɗan bawul ya buɗe, injin ya zuƙe tururin ya ƙone. Tururi kawai aka yi gwangwanin ya ɗauka. Mu kuwa a gidan mai, in famfo ya yi ƙas ya tsaya sai mu ce a ƙara, har a girgiza motar don ta karɓi wata lita. Sararin da aka bari a saman tanki don man ya sami wurin kumbura sai ya cika, rana ta buga, ruwan mai ya gangara cikin gawayi ya jiƙa shi sharkaf. Daga ranar, abin da aka sa don ya kama wari shi ke raba shi. Gwani ya cire gwangwanin ya jinjina a hannu, jiƙaƙƙe ya fi nauyi, wani har ya tsiyayo. In mai mota ya ce tana wuyar tashi duk lokacin da ya gama shan mai, bawul ɗin ya maƙale a buɗe. In ya ce murfin tanki na yin doguwar huci in an kwance, kafar numfashin ta toshe, da ƙura ko da ginin wani ƙwaro. Kada a ɗauka wasa ne: a 2011 kamfanin Mazda ya kira dubun-dubatar motocin Mazda6 a Amurka su dawo gyara saboda gizo-gizo na saƙa a cikin irin wannan tiyo.

Mai rabin sani maganinsa ɗaya ne. Ya ce wannan abin Turawa ne, ba ya aikin komai, ya cire ya jefar. Ko dai ya bar tiyon a buɗe yana hura tururi a ƙarƙashin mota, ko ya cusa masa ƙusa ya toshe, tanki ya rasa numfashi, ya riƙa kumbura da rana yana lotsawa in famfo na ja.

Motocin da aka sayar a Amurka daga 1996 suna gwada kansu. Kwamfutar motar na iya gane kafar da faɗinta bai wuce milimita 1 ba, ta baya-bayan nan har rabin haka, ta kunna fitilar injin. Matasan kanikawa masu na'ura suna karanta lambobin: P0455 babbar kafa, P0442 ƙarama, P0456 'yar mitsitsiya. Abin takaici, fitilar nan a motoci da yawa ta yi shekaru tana ci ba wanda ya kula, wasu ma an cire ƙwanta kafin a sayar. Kuma na'urar iyakarta ta ce akwai kafa, ba ta nuna wurin. Manyan gareji suna hura hayaƙi cikin layin su ga inda zai fito. Wanda ba shi da wannan injin yakan toshe bakin tiyo, ya tura iska kaɗan da famfon hannu, ya bi haɗe-haɗen da ruwan sabulu yana neman kumfa. Garejin da na fi yarda da shi shi ne wanda yaro ke riƙe da na'ura, dattijo na durƙushe yana shinshinawa, kuma kowanensu yana sauraron ɗan'uwansa.

Wani warin kuma ba yoyo ba ne sam, injin ne ke shan fiye da abin da zai iya ƙonawa. Fulogi baƙi ƙirin da toka, bakin salansa da baƙin gari, mai na ƙarewa da wuri. Sau da yawa mu muka jawo. An cire tamostat wai don zafi, an haɗa fanka kai tsaye, da safiyar hunturu injin ya daɗe bai yi ɗumi ba, kwamfuta ta yi ta ƙara masa mai. An fasa tukunyar tace hayaƙi an kwashe abin da ake kira indomi an sayar, babu mai ƙone ragowar. Bayan mota mai gudu iska na juyawa ta dawo, in robar murfin but ta mutu sai hayaƙin ya shigo ta nan, kuma sauke gilashin gaba ƙara janyo shi yake yi. Wannan ya fi ɗanyen fetur haɗari ta wata fuska, domin tare da shi akwai iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ko kaɗan, tana sa barci, tana kisa.

Gyaran kansa, in an gano wurin, gajere ne, amma yana da ladubba. Ya cire fiyus ɗin famfo ya bar injin ya mutu da kansa don ƙarfin da ke layi ya sauka, ya cire kan batir, ya naɗe haɗin da tsumma kafin ya kwance. Tiyon mai daban yake da na ruwa, kuma a cikin na mai ma akwai na kafireto, akwai na injekta, akwai wanda ke zama nutse cikin tanki. A ido duk baƙar roba ce, sai an karanta rubutun jikinta. Yakan mayar da yaro kasuwa sau biyu a kan wannan. Sabon zobe sai ya shafa masa ɗan baƙin mai don ya zame ya zauna bai karce ba. Notunan kan famfo yana ɗaure su ɗaya nan ɗaya can, kaɗan-kaɗan, don robar ta kwanta daidai. Gam ba ya kusantar wurin, fetur narkar da shi yake, guntayen su tafi su toshe famfo.

Dabarar goga sabulun wanki a tankin da dutse ya huda gaskiya ce, fetur ba ya narkar da sabulu, kuma ta kawo direbobi da yawa gida daga daji. Iyakarta ke nan, ruwan sama na farko zai wanke ta. Walda kuwa, wanda ya san aiki ya san tankin da aka juye ya fi cikakke haɗari, domin a cikinsa ne tururi da iska suke haɗuwa daidai yadda wuta ke so. Sai an sauke shi, an wanke an sake wankewa, an cika shi da ruwa har kusa da wurin da za a liƙe. Tankin roba irin na Golf in ya tsage, shawararsa a nemo wani.

Abu ɗaya nake jin haushinsa a kai. Mutumin da ya san duk wannan, shi ne za ka ga ya wanke hannu da fetur kafin ya ci tuwo, ko ya sa yaro ya zuƙo mai da baki ta tiyo. A cikin fetur akwai sinadarin benzin, wanda cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar yana jawo sankarar jini, kuma ta fata da huhu yake shiga. In ka yi magana ya yi dariya ya ce shekara nawa yana yi.

Wurin biya kuma nan ake cutarsa. Ya ɓata rabin wuni ya gano zoben da kuɗinsa bai kai na lita biyu ba, mai mota ya dubi robar a tafin hannu ya ce, "Haba Oga, ai ba ka canza komai ba." Da ya ce famfo ne, ya sauke tanki, ya yi gumi an gani, da an biya ba gardama. Mun saba biyan kaya da gumi, ganowa kuwa muna ɗaukar ta kyauta, kuma wannan halin namu yana cikin abin da ke koya wa ƙananan kanikawa yanke wa lafiyayyen famfo hukunci.

Ba ya sallamar mota a kan cewa wari ya tafi a gareji. Yakan bar kujerar baya a ɗage, faifan a buɗe, ya ce a je a cika tanki, a tsaya da famfo ya yi ƙas. A dawo a ajiye ta a rana daga azahar zuwa la'asar, gilasai a rufe. Sannan ya shafa busasshiyar takarda a kewayen kan famfo, ya kira wanda bai shiga motar ba tun safe ya buɗe ƙofa. In soson kujera ko kafet sun sha mai, ya ce a cire a wanke da omo a shanya kwana biyu, don kada tsohon wari ya ɓoye sabo. In kuma warin ya dawo, a kawo motar tankin na cike, kada a jira mai ya sauka, kada kuma a biya wurin wanki.